Akawal Mai Tsagaggen Baki

Kwanan baya wasu samari uku suka tsaya a ƙofar bargata a Wagini, kowa da waya a hannu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba Isiyaku, wannan aikin naku ai hutu ne. Ka zuba ma doki ciyawa, ka hau, ka sauka." Na ce ya shigo ya ɗaga mani ƙafar goɗiyar da ke turke in duba kofatonta. Ya shigo da ƙarfinsa, ya tunkare ta ta baya. Kunnuwa kawai ta kwantar, sai ga shi a waje, ya bar takalmi ɗaya a ciki. Saboda irinsu nake son in faɗi yadda sana'ar nan take, tunda na haura shekara arba'in ina cikinta.

Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kai ni Safana wurin Baba Tanko, wani tsoho mai horon dawaki, gajere, mai ƙaramar murya. Na je da zumuɗin hawa. Damina biyu na yi a gidansa ban ɗora ƙafa a likkafa ba. Aikina kwashe kashi, yankan ciyawa da lauje, jiƙa dusa da kanwa, da ɗebo ruwa. Kullum da safe in na fito daga barga sai ya tambaye ni, "Mi kunnen wancan ya ce maka yau?" In na ce ban lura ba, sai ya ce in koma. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne. A hankali na gane cewa doki kafin ya yi harbi ko cizo sai ya faɗa maka, da kunne, da wutsiya, da yadda ya jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya. Wanda ya sha harbi, yawanci an gaya mashi ne bai ji ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai ragama, igiyar da ake sa ma doki a kai don ja. Akwai linzami, ƙarfen da ke shiga baki. Akwai sirdi da shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashinsa, da majayin da ke ɗaure shi ta ciki. Sai wuƙar gyaran kofato, da magagari na goge shi, da buroshi, da man kaɗanya, da garin bagaruwa don miki. Bulala ma akwai, amma ta Baba Tanko a rataye take har ta bushe ta karye. Linzamin ƙasar nan kuwa abu ne mai kaifi. A hannun wanda ya iya, ɗan motsin yatsa ya isa. A hannun wanda bai iya ba, wuƙa ce.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne: manoma masu hali, masu unguwanni, samari masu sukuwa bayan kaka, da masu ba da hayar doki a biki. Kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa, wai dokinsa mugu ne. Na tuna wani mutumin Yasore da ya kawo mani kili, wato farin doki, yana rantsuwa aljanu ne suka shige shi, don da an hau sai tutsu. Na kwance sirdin na juya shi, sai ga ƙusa ta leƙo daga itacen, daidai inda yake zama a gadon baya. Na cire ta da filaya, na ce ya dawo bayan sati biyu mikin ya warke. Har ya rasu yana gaya ma mutane ni ne na fitar da aljanun, duk da na nuna mashi ƙusar a tafin hannuna.

Sai shekarar da daji ya ƙi shiguwa. Duk mutumin yankin nan ya san ta. 'Yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, ƙauyuka suka watse, wake bai samu ba balle harawarsa, wadda ita ce abincin doki da rani. Mai doki ya rasa abin da zai ba iyalinsa, ina maganar dabba. Dawaki tara ne a hannuna farkon shekarar, na mutane, kafin bazara ba ko ɗaya. Aka riƙa kai su kasuwa, manyan motoci na lodinsu zuwa kudu, kuma kowa ya san ba don hawa ake kai su ba, don yanka ne. Ni da na saba da ingarmu, na koma gyaran kofaton jakuna a bakin kasuwar Batsari.

A nan na gan shi. Wata ranar kasuwa da hantsi na ji hayaniya a wurin Alhaji Garba, dillalin da ke tara dawakin da za a loda. Na je na tarar da ƙarti huɗu da igiyoyi sun kasa shigar da wani akawal mota. Akawal shi ne baƙin doki. Wannan dogo ne, ƙashinsa mai kyau, amma haƙarƙarinsa a waje kamar a ƙirga. Gefen bakinsa duka biyu a tsage, wani wurin ya warke wani yana ruwa. Ciki duk tabon ƙaimi, gadon baya da miki kamar faɗin tafi, saman idonsa na hagu a kumbure. Ya riga ya ciji mutum ɗaya, ya fasa ƙofar motar da harbi.

Na gaishe da Alhaji Garba, muka gama gaisuwa, na ce, "Alhaji, daga ina wannan?"

Ya ce, "Wurin Lawwali mai haya na saye shi. Samari ke karɓarsa su wuni kansa a biki, wannan ya sauka wancan ya hau. Da ya fara ƙin linzami sai sanda. Yanzu ya haukace, ko ruwa da dogon itace ake tura mashi."

Na ce, "Ba hauka ba ce. Ba ni shi in gwada."

Ya dube ni ya yi dariya. "Malam Isiyaku, kai da ba ka da harawar da za ka ba akuya?"

"Wannan tawa ce. Kai dai ba ni lokaci."

Motar ce ta taimake ni, don direban ya ce ba zai ƙara ɗaukar dabbar da za ta kashe mashi sauran kaya ba. Sai Alhaji ya ce, "Kasuwa shida. Ranar ta shida motar za ta dawo. In ka shigo kasuwar nan a bayansa, na nemo mashi mai saye. In ba haka ba, a ɗaure za a jefa shi ciki, ko da ƙafa a karye."

Kai shi gida ma aiki ne. Mutum ba ya iya jansa. Ina da wata tsohuwar jaka, na ɗaura doguwar igiyarsa a jikinta, na koma gabanta can nesa. Ita ya bi, ba ni ba. Tun hantsi muke tafe sai la'asar muka shiga Wagini. Maƙwabcina Malam Audu ya leƙo ya ce, "Isiyaku, mutane na fitar da dawaki kai kana shigo da gawa?"

Kwana uku bai ci komai ba in ina wurin. Sai na aje ciyawa na fita, sannan in ji yana ci da sauri. Rana ta huɗu na yi kuskuren da ko sabon shiga ba zai yi ba. Na ga ƙudaje sun cika mikin bayansa, na kasa haƙuri, na miƙa hannu daga sama. Ban ga motsinsa ba. Haƙoransa na ji a kafaɗata, ya ɗaga ni ya yar. Tabon na nan. Mai ɗakina Binta ta gasa mani wurin da ruwan zafi, da ta gama ta ce, "Malam, ni fa jiya ya ci a hannuna."

Na ce, "Wa?"

"Dokinka. Ina zaune ina tsince gero kusa da danga, ya miƙo wuya ya ci a faifai. Ban tashi ba, ban kuma dube shi ba."

Na daɗe ina juya maganar. Duk wanda ya taɓa dukan dokin nan a tsaye yake, hannu a sama, ido cikin ido. Mai zama bai taɓa yi mashi komai ba. Shekara arba'in ina aikin, amma a bakin matata na ji wannan.

Washegari na ɗauki tabarma da ƙullin rama na shiga barga, na zauna inda igiyarsa ba ta kaiwa, na ba shi gefe, na kama tufka igiya. Ina tufka ina magana a hankali, duk abin da ya zo bakina: farashin dawa, ciwon kafaɗata, sunayen dawakin da na taɓa riƙewa. In lokacin salla ya yi, ja da baya nake da gindi har ƙofa kafin in miƙe. Kowace rana ina matso da tabarmar taki ɗaya. Na tufka igiyar da ta ishi unguwarmu ɗaurin awaki. Rana ta goma sha ɗaya ina sunkuye sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ya shinshina hulata, ya ture ta ta faɗi. Ban motsa ba. Na ci gaba da tufka. Ya tsaya a kaina kamar tsawon raka'a biyu, sannan ya koma.

Daga ranar aka fara aikin gaske. A durƙushe nake zuwa, in fara taɓa ƙirji, in gangara kafaɗa, in ya ɗauke numfashi in janye. Kwana biyar kafin hannuna ya kai mikin. Na riƙa wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, in barbaɗa bagaruwa, bakin kuma in shafa man kaɗanya da yatsa ɗaya. Malamin dabbobi ya zo daga Batsari zai yi mashi allura. Na ce sai dai ya cire hula ya shigo a tsugune. Ya ce shi da karatunsa? Na nuna mashi kafaɗata. Ya tsuguna.

Abinci kuwa, Allah ne ya rufa asiri. Na riƙa sammako da lauje zuwa bakin fadama inda ɗan kore ya rage, wurin da mutane ba su cika son zuwa ba a lokacin. Binta ta riƙa tara dusar gidajen da take taya surfe. Malam Audu da ya kira shi gawa, wata safiya na ga ya jefo dami biyu na harawa ta kan danga, ya wuce bai ko yi sallama ba.

A sati na huɗu na ɗauko linzami. Ban ma kusance shi ba, ƙarar ƙarfen kawai ya ji, sai ya miƙe da ƙafa biyu, ya fizgi turken har ya girgiza, jikinsa ya jiƙe sharkaf. Kwana biyu ya ƙi yarda in taɓa shi. Na zauna na yi tunani. Lokaci na tafiya, kuma a ƙasar nan ba a san a hau doki ba linzami ba. Amma bakin nan ba zai ƙara karɓar ƙarfe ba, ko zan shekara. Na kai linzamin ɗaki na rufe. Na saƙa ragama mai taushi da zaren auduga, na ɗaura igiya biyu a gefenta, na fara koya mashi juyawa da ita daga ƙasa: in na ja dama ya bi dama, in na ce "tsaya" ya tsaya. Da murya na gina shi, ba da zafi ba.

Baya kuma a hankali na bi da shi. Tsohon zane na fara ɗorawa, sai bargo, sai buhu da ɗan yashi, sai sirdin da na cusa ma auduga ta yadda ba zai taɓa tabon ba. Ana saura kwana takwas motar ta dawo na ja shi zuwa busasshen rafi inda yashi ke da laushi, don in zan faɗi in faɗi da sauƙi. Na kwanta a bayansa da ciki sau uku ina sauka. Na huɗu na ce bismillah na haye. Duk jikinsa ya sandare. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙafafuna. Yana jiran ƙaimi, yana jiran bulala. Na saki igiyar, na ci gaba da ba shi labarin farashin dawa. Can sai ya sauke wani dogon numfashi, ya ɗaga ƙafa ya taka. Muka yi tafiya har gindin wata tsamiya muka dawo.

Ranar kasuwa ta shida na shiga Batsari a bayansa. Babura na wucewa, masu amalanke na ihu, kunnuwansa na juyawa baya suna neman muryata, ni kuwa ban daina magana ba. Motar na tsaye, an fara lodi. Alhaji Garba ya taso daga benci yana dubanmu, baki buɗe. Ya zagaya dokin sau ɗaya daga nesa, sannan ya ce, "Ina linzamin?"

Na ce, "Ba ya sha."

"To ai ba a yi komai ba, Malam Isiyaku. Wa zai sayi dokin da ba birki? Ranar da ya tuna halinsa, da mi za a tsai da shi?"

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga Lawwali mai haya ya kutso cikin mutane, da sandarsa a hannu. Ya ce, "Wannan ai nawa ne na da! Ku bar ganin ya yi laushi, yunwa ce. Ku tsaya in nuna maku." Kafin in ce kada, ya ɗaga sandar sama ya daka tsawa.

Dokin ya yi wata haniniya da ban taɓa jin irinta ba, ya miƙe tsaye. Na zame ta baya na faɗi a kan kafaɗar da ya ciza, igiya ta kuɓuce. Kasuwa ta dare. Ya ture teburin mai goro, ya yi cikin masu tumatir, ya juyo, ba hanyar fita, ko'ina mutane. Ƙartin Alhaji suka ɗauko igiyoyi da sanduna suna zagaye shi. Na san in igiya ɗaya ta hau wuyansa, shi ke nan, sati shida sun tafi, mota ce makomarsa.

Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Don girman Allah kada wanda ya matsa! Ku sauke hannuwanku!" Alhaji Garba ya dube ni, ya dubi yaransa, ya ce, "Ku tsaya."

Na tafi tsakiyar filin, na zauna a ƙasa, na ba shi gefe, na sunkuyar da kai. Ba rama a hannuna, sai na kama bakin rigata ina murzawa kamar mai tufka. Na fara magana da muryar da ya sani. Kasuwar Batsari guda ta yi tsit, sai kukan wata akuya can nesa. Ina jin kofatonsa yana zagayawa, ya tsaya, ya sake zagayawa. Wata mata ta ce, "Innalillahi, zai tattake shi." Sawun ya matso. Ya ƙara matsowa. Sai na ji hancinsa a wuyana, yana huci, jikinsa na ɓari. Ya ɗora haɓarsa a kafaɗata ya bar ta nan.

Na bari sai da hucin ya lafa. Sannan na miƙe a hankali, ban taɓa igiyar ba, na juya na kama tafiya. Ya biyo ni. Na bi ta layin masu hatsi, ya biyo ni. Na karya ta wurin mahauta, na zagayo ta gaban motar da ake lodi, igiyarsa na jan ƙasa, kansa daidai kafaɗata. Da na iso gaban Alhaji Garba na ce "tsaya," ya tsaya cak. Sai kabbara ta tashi. Mai goron da aka zubar ma da kaya shi ya fi kowa ihu. Lawwali kuwa ban san lokacin da ya sulale ba.

Alhaji Garba ya juya ya ce ma direba, "Rufe motarka, wannan ba ya ciki."

A cikin masu kallo akwai wani dattijo, Malam Bature, manomi daga Zakka. Ya taɓa faɗuwa a babur gwiwarsa ta lalace, ga gonarsa da nisa. Ya dogaro sandarsa ya matso, da ya ga dokin ya kalli sandar sai ya miƙa ma wani ya riƙe, ya ƙaraso yana ɗingishi. Ya ce, "Malam, wanga doki ni nika sonai. Mi za ni kiyaye?"

Na ce, "Abu uku, Baba. Ƙarfe ba ya shiga bakinsa. Ba a ba da aronsa. Kuma sai ka zo Wagini ka zauna kusa da shi kwana bakwai kafin ka hau."

Ya ce, "Zama ai shi na fi iyawa yanzu."

Suka daidaita da Alhaji Garba a kan kuɗi. Ya zo kuwa, ya yi kwana tara ma. Rana ta goma ya hau ya tafi da shi.

Labarin kasuwar nan ya zagaya. Kafin damina ta kankama aka kawo mani dawaki uku da masu su suka fid da rai da su, daga Yasore, daga Safana, har da wani daga can bayan Zakka. Biyu sun gyaru, ɗaya na mai da shi na ce ban iya ba. Tun daga lokacin bargata ba ta sake zama fayau ba.

Da kaka na je Zakka ganin akawal. Na isa da azahar. Malam Bature na zaune a tabarma gindin dalbejiya yana ɓarar gyaɗa, muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gwiwa. Na duba turke ban ga doki ba, na tambaye shi ina yake. Sai ya nuna mani bayansa da haɓa. Ga shi can kwance a ƙasa, ya miƙe ƙafafu huɗu, wuya a shimfiɗe, ya yi ƙiba har gashinsa na ƙyalli, kaji na kiwo a gefen cikinsa. Barci yake yi, har da minshari. Doki ba ya kwanciya haka sai inda ya tabbata ba abin da zai same shi. Duk zaman da ya yi a gidana a tsaye ya yi barcinsa, ko sau ɗaya ban ga ya kai haƙarƙari ƙasa ba.

Malam Bature ya ce, "In tashe shi ku gaisa?"

Na ce, "A'a, Baba. Bar shi."

Na jawo kwandon gyaɗar na zauna, muka ci gaba da ɓara tare har ya farka don kansa.